Ledar Gilashin Mota a Zafin Yamai: Zaɓe, Liƙawa da Kulawa

Wanda ya taɓa ajiye motarsa a gefen Babbar Kasuwar Yamai da azahar a watan Afrilu, ya shiga ya yi cefanen awa guda, ya dawo ya ɗora hannu a kan sitiyari, ba sai an gaya masa dalilin da ya sa mutane ke sa wa gilashin mota leda ba. A wannan watan zafin garin yakan wuce digiri 40 kusan kullum, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 60. Kujera ta ɗau zafi, robar gaban mota ta tsattsage, kilim, wato na'urar sanyaya mota, ya yi ta aiki har ka tsallake gadar Kennedy bai sanyaya komai ba. Buƙatar ta gaskiya ce. Abin da ke damuna shi ne yawan motocin da nake gani a titi ledarsu ta koma shunayya, ta yi ƙuraje, mai motar yana leƙe ta tsakanin kumfa in zai ja da baya.

Tawa ma ta taɓa zama haka. Motata ta farko tsohuwar Toyota ce da ta shigo ta Kwatano. A tsakiyar hunturu na kai ta wurin wani mai liƙa leda da ke aiki a gindin bishiya a bakin titi, na ce a sa mini mafi duhu, domin a lokacin na ɗauka duhu shi ne sanyi. Cikin awa biyu ya gama, na biya na tafi ina murna. Kafin damina ta biyu ta wuce ledar ta kode, ta baya ta kumbura, ƙurar da ta shiga ranar aikin kuma tana nan ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Da dare ba na ganin mai keke a gefena sai na sauke gilashi. Kuɗin cirewa da na sake liƙawa sun fi na farkon yawa. Tun daga nan na zauna da masu sana'ar na koya, kuma abin da na fahimta bai wuce biyu ba: ingancin leda ne ke tare zafi, tsabta kuma ita ce rabin aikin liƙawa a garin da ƙura ba ta ƙarewa.

Abin da kake saye

Wannan leda ba 'yar'uwar ta cefane ba ce. Poliyesta ce, dangin robar da ake yin gorar ruwan sha da ita, kaurinta kusan na gashin kai. Hawa-hawa ce: akwai fuska mai ɗan tauri da ke jure gogayya, sai jikin ledar da ke ɗauke da abin da ke tare rana, sai gam, sai farin ɓawo da ke rufe gam ɗin, wanda ake ɓarewa a zubar lokacin liƙawa. Kamfanin 3M na Amurka ya yi rajistar fasahar ledar tare rana a 1966, yau kuma akwai sanannun sunaye irin su LLumar da SunTek da Solar Gard, ga kuma tarin nadi marasa suna da suka cika kasuwa.

Abin da rana ke aiko mana kashi uku ne. Akwai hasken da ido ke gani, kimanin kashi 44 cikin 100 na ƙarfinta. Akwai wanda ido ba ya gani amma fata na jinsa a matsayin zafi, shi ne ya ɗauki fiye da rabi. Sai ɗan ƙaramin kashi, wajen 3 cikin 100, wanda ake rubuta shi UV a jikin kwali. Shi ke kodar da kujera, shi ke ƙona fata. Leda tana iya yin baƙi ƙirin ta tare haske alhali zafin ɓoyen nan yana wucewa abinsa, wata kuma tana iya zama kusan fara ta tare kaso mai yawa na zafin. Nan ne yawancinmu muke yin asara.

Mafi araha ita ce mai rini zalla. Tana ba da duhu, tana rage ƙyallin rana, amma rini ba ya jure ranar Sahel, ita ce ke komawa shunayya. Mai ƙarfe tana da siririn shafi na ƙarfe da ke mayar da zafi waje, tana daɗewa, sai dai tana sheƙi kamar madubi kuma tana iya raunana sabis ɗin waya da rediyo da na'urar nuna hanya. Mai kabon ba ta sheƙi, ba ta saurin kodewa, ba ta taɓa waya. Mai seramik ita ce gaba wajen tare zafi ba tare da duhu ba, ita ce kuma mafi tsada. A ganina, wanda zai riƙe motarsa fiye da shekara biyu a Yamai ya tsallake mai rini gaba ɗaya. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta ko kai shekara biyu. Idan kuɗin seramik bai samu ba, mai kabon ta isa.

A jikin kwali za ka ga haruffa VLT da lamba a gefe: 5, 20, 35, 50 ko 70. Lambar tana nuna kashi nawa cikin 100 na haske ke ratsa ledar, don haka ƙaramar lamba ita ce mafi duhu. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne gilashin kansa yana rage haske tun daga masana'anta. Idan gilashin ƙofarka yana barin kashi 80 ya wuce, ka ɗora masa leda mai 35, abin da zai iso idonka kashi 28 ne kawai. Lambar da ta fi amfani ga mai neman sanyi ita ce wadda ke gaban haruffan TSER, wato jimillar ƙarfin ranar da ledar ke tarewa; ita kam gwargwadon girmanta gwargwadon amfaninta. Idan mai shago bai san da ita ba, ko kwalin ba ya ɗauke da ita, akwai gwajin da ba ya cin ko dala: ka karɓi guntaye biyu ko uku, ka fita rana tsaka, ka riƙa kare bayan hannunka da su ɗaya bayan ɗaya. A wasu ƙasashe sai an kunna fitila ta musamman ake wannan gwaji. Mu Allah ya hore mana rana, kuma fata ba ta ƙarya.

Ka duba kusurwar gilashin bayan motarka ma kafin ka kashe kuɗi. Motoci da yawa da ke shigowa daga Turai suna zuwa da gilashin baya mai duhu wanda a cikin jikinsa aka rina shi, ba leda ba ce. Za ka ga hatimin harafin E cikin da'ira, da 43R, wani lokaci da harafin V wanda ke nuna hasken da ke ratsa shi bai kai kashi 70 ba. Irin wannan ba ya buƙatar ƙarin duhu. In za a sa masa leda, a sa mai haske da ke tare zafi.

Kafin wuƙa ta taɓa leda, sai maganar hukuma. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, ɗan sanda ko jandarman da ke shinge yana son ganin wanda ke cikin mota, kuma yana da hujja. Ka je ofishin 'yan sandan kula da zirga-zirga da ƙafarka, ka tambayi abin da aka yarda da shi a yanzu da takardar da ake nema, kada ka dogara da maganar mai shago, shi cinikinsa yake so. Mai ƙetarawa Najeriya ta Konni ko ta Maraɗi ya sani cewa can akwai doka tun 1991 da ta hana baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2017, gilashin gaba da na ƙofofin gaba dole su bar aƙalla kashi 70 na haske ya wuce, wanda ya saɓa kuma tarar Yuro 135 ce da rage maki 3 a lasisinsa. Ba don ado suka tsayar da wannan lamba ba, don idon direba ne da dare.

Wuri da kayan aiki

Babban abokin gabar wannan sana'a a Yamai ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na cika iska da ita, a farkon damina kuma guguwar jan ƙasa ce ke riga hadari isowa gari. Ƙwayar yashi ɗaya da ta faɗa kan gam ta zauna ke nan har ranar da za a cire ledar. Saboda haka gindin bishiya ba wurin wannan aiki ba ne, komai ƙwarewar mai yi. A nemi ɗaki ko garaji mai ƙofa, a share, a yayyafa wa daɓen ruwa ƙura ta kwanta, a kashe fanka, a rufe ƙofa. Na san zufa za ta zuba, shi ya sa sassafe ya fi, lokacin da gilashi yake da sanyi. Gilashi mai zafi yana busar da ruwa kafin ka daidaita ledar, gam ya kama a karkace. A wanke motar gaba ɗaya tun a waje, har rufinta, a kakkaɓe kujeru. Mai aiki ya cire rawani ko rigar sanyi mai gashi, ya sa riga mai gajeren hannu, ya wanke hannunsa har gwiwa.

Kayan aikin ba su da yawa: gorar fesa ruwa, raklet wato faifan robar da ake matse ruwa da shi, kati mai tauri na shiga lungu, sabuwar reza, siririyar wuƙa mai baki da ake ɓallewa, tsumma mara gashi, salatif, da na'urar hura zafi. Bakin wuƙar ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin shi ne ba ya saurin zana gilashi, a kuma riƙa ɓalle shi akai-akai. Dakusasshen baki yaga leda yake yi.

Ruwan fesawa shi ne ruwa mai tsabta lita guda da ɗigo 6 zuwa 10 na shamfun jarirai. Aikinsa ya sa ledar ta riƙa zamewa a kan gilashi har a daidaita ta. In sabulun ya yi kaɗan gam zai kama da wuri, in ya yi yawa ledar ba za ta tsaya ba. A lokacin zafi akan ɗan ƙara. Kada a sa Omo. Ruwan ma a kula da shi: na tulu ko na ganga da ya kwana a buɗe yana ɗauke da laka da ido ba ya gani. A yi amfani da na gora ko wanda aka tace.

Wanke gilashi da yanka

A ciki ake liƙa leda, a waje ake yanka ta. Amma duka fuskokin biyu sai sun wanku. Ka fara shimfiɗa tawul a kan maɓallan ƙofa da lasifika, domin ruwan da ya gangara cikin ƙofar motar zamani yana iya lalata wayoyin lantarki. Ka sauke gilashin kaɗan, ka wanke bakinsa na sama inda datti ke taruwa. Ka fesa ruwa sosai, ka kankare fuskar ciki da reza a kwance, kullum a jiƙe, har sai ba ka jin wani abu yana kama bakinta. Sai ka naɗe kati da tsumma ka zura cikin robobin gefe da na ƙasa. Abin da zai fito daga can zai ba ka mamaki, yashin shekaru ne. Idan robar tana da gashi-gashi, ka rufe shi da salatif. Ka fesa, ka matse da raklet daga sama zuwa ƙasa, kana goge bakin raklet ɗin bayan kowane ja. Ka maimaita sau uku. Masu sana'ar da na yarda da aikinsu sun fi ɓata lokaci a nan fiye da kowane mataki, tun ran gini tun ran zane.

Gilashin baya kuwa reza ba ta hawa fuskarsa ta ciki. Siraran layukan da ke kwance a jikinsa wayoyi ne na narkar da raɓa, a wasu motoci kuma eriyar rediyo tana cikinsu. Reza na yanke su, gyaransu kuma wahala ne. Soso mai laushi da haƙuri su ne maganinsa.

Don gane fuskar da ɓawon yake, ka manna salatif biyu a kusurwa ɗaya, gaba da baya, ka ja. Farin da ya rabu shi ne ɓawon. Ka jiƙa wajen gilashi, ka shimfiɗa ledar ɓawon yana kallonka. Dalili kuwa, gam yana kallon waje a yanzu, idan ka shigar da ita ciki zai ci gaba da kallon waje, wato gilashi, siffar kuma ta yi daidai. Ka yanke gefuna da ƙasa kana barin ɗan rara da zai shige bayan roba. Sai ka ɗaga ƙasan ledar, ka sauke gilashin kamar faɗin yatsu uku, ka bi bakinsa na sama da wuƙa a ja ɗaya ba tsayawa. Kusurwoyi a zagaye su kaɗan, domin kusurwa mai tsini ce ke fara ɓarewa. Idan an zo liƙawa za a bar tazarar milimita ɗaya ko biyu tsakanin ledar da bakin gilashi na sama, don kada robar ƙofa ta riƙa tura ta.

Gilashin baya: inda ake gane gwani

Leda shimfiɗaɗɗiya ce, gilashin baya kuma ya lanƙwasa ta ko'ina kamar bayan ƙwarya. In ka ɗora ta haka nan, rarar za ta tashi tsaye-tsaye a sama da ƙasa, abin da ake kira yatsu. Mai gaggawa yakan yanka ledar gida uku ko huɗu ya jera, layin haɗin ya fito fili, daga nan kuma ɓarewa ke farawa. Gwani da falle ɗaya yake rufe shi, ta hanyar tsuke ledar da zafi.

Ga yadda ake yi. Ledar tana tsukewa ne ta tsawon nadinta kaɗai, don haka tsawon nadin ya bi gilashin daga hagu zuwa dama. A wajen gilashi, busasshe, a shafa hoda kaɗan don kada ledar ta manne. Da jiƙaƙƙen tsumma a ja layi ɗaya a kwance a tsakiya, da biyu a tsaye a gefuna, kamar harafin H. A shimfiɗa ledar, a danne ta a kan layukan, duk rarar ta taru sama da ƙasa. Sai a ɗauko na'urar hura zafi, a riƙe ta kamar tazarar taƙi guda, a fara daga tsakiya ana tafiya baki, hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Za ka ga yatsan ya yi lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Wannan ce alamar ya tsuke, sai a bi shi da kati naɗe da tsumma a kwantar. In aka danne kafin ya tsuke, ledar ta karye, layin karyewar ba ya gogewa. In aka daɗe da zafi a wuri ɗaya, ta ƙone, gilashin ma yana iya fashewa. Na'urar busar da gashi ba ta kai zafin da ake so.

Shawarata ga mai son gwadawa a gida: gilasan ƙofa za ka iya, in ka sayi rara don kuskuren farko. Na baya kam ka kai wa wanda hannunsa ya faɗa. Ga yaron da ke koyon sana'ar kuma, ka roƙi maigidanka guntaye, ka nemi tsohon gilashin baya wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ka yi ta tsukewa kana cirewa har hannunka ya san lokacin da leda ke cewa ya isa. Motar mutane ba wurin koyo ba ce.

Liƙawa

Wannan matakin mintuna ne, amma ba ya son waiwaye. Ka sake fesa wa fuskar ciki ruwa ka matse sau ɗaya na ƙarshe, sannan ka jiƙa ta sharkaf. Ledar tana manne a wajen gilashi ko a kan wani allon gilashi mai tsabta, ka ɓare ɓawon daga sama zuwa rabi kana fesa wa gam ruwa yayin da yake buɗewa. Ka jiƙa yatsunka, ka ɗauke ta ta gefe, ka shigar ba tare da ta taɓa kujera ko robar ƙofa ko rigarka ba. Gilashin yana ɗan sauke, ka daidaita bakin sama, ka fesa wa bayanta ruwa don raklet ya zame, ka matse saman. Sai a ɗaga gilashin, a zare sauran ɓawon, a tura ƙasan ledar bayan roba da kati.

Matsewa daga tsakiya take farawa zuwa gefe, kowane ja yana hawa rabin na bayansa, da ƙarfi daidai. Duk ruwan da ka bari shi ne zai ja maka kwanakin bushewa. A gefuna a naɗe kati da tsumma ya tsotse ruwan, don kada ya koma ciki da datti. Idan gilashi yana da baƙaƙen ɗige-ɗige a bakinsa, ledar ba ta kwanciya sosai a kansu da farko. Bayan kwana biyu a sake dannawa da yatsa naɗe da tsumma.

Ran da ka zo ɗaukar mota, ka fito da ita haske ka zagaya kafin ka biya. Hazo-hazo da ƙananan kumburin ruwa ba aibi ba ne, za su bushe, kada kuma ka huda su da allura. Amma farin ɗigo mai ƙwaya a tsakiya ƙura ce, gashi gashi ne, layin karyewa kuma ya zauna. Ɗaya ko biyu a lungu ana haƙuri da su, domin babu ɗakin da ba ƙura. In sun yi yawa a saitin ido, ka ce: "Maigida, wannan fallen a sake shi." Mai sana'ar kirki ba ya jayayya a kan haka.

Kwanakin farko da kulawar yau da kullum

Kada a sauke gilashi kwana 3 zuwa 5. Ka manna salatif a kan maɓallan, saboda yara da fasinjan da bai sani ba. A bazara ranar Yamai tana busar da leda da wuri, kuma a waɗannan kwanakin zan ce ka ajiye motar a rana da gangan. A damina ko cikin sanyin hunturu bushewar tana iya kai makonni. Fuskar ciki kada a goge ta sai bayan mako biyu aƙalla.

Daga nan abin da ke kashe leda sanannu ne, kuma na farkonsu yana wurin wankin mota. Tsumman da aka goge taya da ƙasan ƙofa da shi, ɗauke da yashi, shi ake shigowa da shi a murza gilashi. Ka ajiye tsummanka mai laushi a cikin mota, ka miƙa wa yaron, ka ce masa: "Ɗan ƙanena, cikin gilashi da wannan kaɗai, da ruwa zalla." Ruwa da ɗigon sabulu mai laushi ya isa. Ruwan goge gilashi mai ɗauke da amoniya, wanda warinsa ke hawa hanci, yana cin fuskar leda sannu a hankali. Jarida da soson wanke tukunya suna zana ta. Idan ƙura ta kwanta, a fesa ruwa tukuna, kada a goge ta a bushe.

In ka ga zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, laifin yashin da ke cikin robar ƙofa ne, wanda ke gurzar ledar duk saukewa da ɗagawa. Sau ɗaya a wata, musamman bayan hunturu ko bayan tafiya a hanyar da ba kwalta, ka sauke gilashi ka share robar da jiƙaƙƙen tsumma naɗe a kati. Ƙarfen bel ma in aka sake shi ya daki gilashi yana fizge ɗan guntu, haka zobe da kayan da ake cusawa a bayan mota. Kada a manna wata takarda a kan ledar. In baki ya fara ɗagawa, a je a datse shi da wuri kafin ƙura ta shige ƙarƙashi.

Tsohuwar ledar da ta mutu ba a ɗora mata sabuwa. Cire ta kuma a nan rana tana taimako: a fesa mata ruwan sabulu daga ciki, a manna mata baƙar ledar cefane don kada ruwan ya bushe, a manna wata a waje, a bar motar a rana awa ɗaya ko biyu. Gam zai yi laushi, a ɗaga kusurwa a ja a hankali, falle ɗaya in ya yiwu. Wanda ya fizge ta a bushe zai kwana yana kankarar gam, a gilashin baya kuma yana iya tafiya da wayoyin.

Abin da leda ba ta yi

Tana rage zafi, ba ta kawar da shi. Mafi yawan ranar da ke dafa motar da aka ajiye ta gilashin gaba take shiga, shi kuma ban ga dalilin duhunta shi ba. Falle biyu ne da roba a tsakani, wadda ta riga ta tare yawancin UV. Ka saya masa mayafin da ake bazawa daga ciki, ka nemi inuwa, ka buɗe ƙofofi iska ta ratsa kafin ka kunna kilim. Kuma ko da ledar da ta fi kowace tsada a duniya ce a jikin motarka, kada ka bar yaro a ciki ka shiga kasuwa, ko na minti biyar. Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, duhun gilashin kuma yana hana mai wucewa ya gan shi.

Akwai waɗanda buƙatarsu ta lafiya ce, kamar 'yan'uwanmu zabaya da masu ciwon fata da rana ke tayarwa. Gilashin ƙofa yana barin wani kaso na UV ya wuce, leda mai inganci kuwa tana tare kusan kashi 99 cikin 100 nasa ko da fara ce tas. Su ma ba duhu suke buƙata ba.

Da rana ake zaɓen leda, amma da dare ake biyan kuɗin kuskure. Ka tuna titunan unguwa in an ɗauke wuta, da ɗan kabu-kabun da fitilarsa ta mutu, da amalanken jaki da ke dawowa gari bayan magariba ba ko ƙyalle mai sheƙi a bayansa, da yaran da ke tsallaka titi daga makarantar dare. Duk ta gilashin ƙofar gaba da madubin gefe kake ganinsu. Kafin ka yanke shawara, ka roƙi mai shago guntun da kake so, ka manna shi da ruwa a gilashin gefenka, ka zauna a motar a ƙofar gidanka bayan isha'i, ka duba madubi ta cikinsa. In sai ka ƙanƙance ido kake ganin mai tafiya a ƙasa, ka mayar masa da shi gobe, ka karɓi mai haske.